Rumfar Inna mai tuwo a Hausawa: malmala biyu da miyar kuka tun 2013

Ni tela ne, shagona yana Hausawa, ɗan taƙi kaɗan daga titin Gidan Zoo. Gidana kuwa a cikin gari yake, wajen Mandawari. Da can azahar na yi sai in ja ƙofar shago in haye acaɓa, in ci abincin gida in dawo kafin dutsen guga ya huce. Da aka hana acaɓa a farkon 2013 sai lissafin ya rushe. Kafin ka sami adaidaita sahu mai bin hanyarka, ka je ka dawo, la'asar ta kawo kai. Na yi kusan wata guda ina toshe ciki da burodi da lemon kwalba, har mai facin da ke gefen shagona ya dube ni wata rana ya ce, "Kai, wannan ramar taka ba ta lafiya ba ce. Taso in kai ka wurin Inna."

Tun ranar nake cin tuwonta. Mai karatu ya sani ke nan, ba baƙo ne ya leƙa sau ɗaya ya zo yana ba da labari ba, kuma ko sisi ba a biya ni ba. Inna ba ta ma san ina wannan rubutu ba. In ta ji, na san abin da za ta ce: "To Tela, surutun ya koma cikin waya ke nan?"

Wurin ba shi da allon suna. Rumfar kwano ce a jingine da katangar gidanta, benci huɗu, tebur biyu da aka shimfiɗa wa leda, sai labule a ɓangare ɗaya inda mata ke zama. Tukwanen suna tsakar gida, yara ne ke fito da abinci ta zaure. Ita kuma tana kan kujerarta 'yar tsuguno a bakin zauren, manyan kuloli a gabanta, gwangwanin canji a gefen ƙafarta. Daga nan take ganin kowa, ta san wanda ya ci, ta san wanda ya zauna yana kallon kwanon wani don aljihu ya bushe.

In ka je karon farko, ka nemi tuwon masara ko na dawa da miyar kuka. Na dawa ranar Litinin da Alhamis kawai take yi, kuma shi ne ya fi saurin ƙarewa, don tsofaffin unguwa tun sha biyu suke aiko da kwanukansu. Tuwon ba ya da gudaji, ba ya manne wa hannu, kuma ba irin mai ruwan nan ba ne da za ka tashi ka ji kamar ba ka ci ba. Amma miyar ce ke riƙe mutum. Kukar koriya ce shar, ba irin wadda rana ta ƙone ta koma ruwan ƙasa ba, kuma a shekarun nan duka ban taɓa tauna yashi a cikinta ba, wanda duk mai cin tuwon kasuwa ya san ba ƙaramar shaida ba ce. Daddawar kalwa take sawa, a daka ta da citta da masoro da ɗan kanumfari, a zuba a ruwan naman tun yana tafasa, sai ƙamshin ya kama kafin a kaɗa kukar da maburgi. Tana sa dunƙule, ba zan yi mata ƙarya ba, amma ba shi ne ke jan ragamar miyar ba. In an zuba maka, ka ce a ɗan ɗiga miyar ja a gefe, sannan a kawo kwalbar man shanu. Man soyayye ne da albasa, cokali ɗaya ya isa ya bi ka har shago.

Na taɓa tambayarta me ya sa miyarta ba ta tsinkewa ko ta daɗe a kula. Ta ce, "Ba a kaɗa kuka wuta na ci bal-bal, Tela. Kai ma in za ka yi wuyan riga ai ba gudu kake da keke ba." Iyakar bayanin da na samu ke nan.

Ranar Juma'a waina ce da miyar taushe, kuma ita ce ranar da rumfar ke yi wa mutane kaɗan. A tandar ƙasa ake toya ta, ƙullun ya kwana ya tashi, bakinta ya soyu ya yi ja, cikinta kuwa kamar auduga. Taushen kabewa ce da alayyafo da 'yar yakuwa don tsami, da niƙaƙƙiyar gyaɗa, da tantaƙwashi da ya dahu har yana zamewa daga ƙashi. Wanda ya tsaya gaisawa da mutane bayan an sauko daga masallaci, sai dai ya tarar da ƙamshi. Da safe kuma akwai ɗumame mai araha, 'yan garuwa da masu gadi ne suka fi cin sa, amma ni ma lokacin hunturu nakan zauna a tsakiyarsu.

Ba komai nata nake yabawa ba. Shinkafa da miyarta ba ta fi ta ko'ina ba. Dafa-dukan mai yana yi mata yawa. Taliya kuwa na ci sau biyu na haƙura, ta dahu har ta manta da kanta. Wanda ya zo don waɗannan, ya yi asarar kuɗin mota.

Sai maganar wurin kansa. Hayaƙin icce yana fitowa ta zaure ya zauna a kayanka, kuma ga tela wannan matsala ce ta gaske, shi ya sa na ajiye tsohuwar riga a shago wadda nake sawa in zan je. A watan Afrilu zama ƙarƙashin kwanon nan sai mai haƙuri, fanka ɗaya ce kuma sai an kawo wuta. Lokacin mangwaro ƙuda suna damu. A Agusta lungun yana cika da ruwa, sai ka bi ta kan bulo kana naɗe wando. Babu wurin ajiye mota, babu banɗaki sai na masallacin da ke gaba. Abinci yana ƙarewa wajen biyu da rabi. Yarinyar da ke kai kwanuka takan haɗa na wani da na wani in mutane sun yi yawa, ka ce nama biyu ta kawo ganda. Ban kuma son tuwon da aka naɗe a leda da zafinsa, shi ya sa nake cewa a kwaso mini daga kula kai tsaye, kuma ana yi mini ba tare da an ɓata rai ba.

Abu ɗaya da muka yi 'yar taƙaddama a kansa shi ne ruwan wanke hannu. Shekarun farko roba ɗaya ce kowa ke tsoma hannu a ciki. Na daure na daure, ran nan na ce, "Inna, da za a sa buta da sabulu, da ya fi." Ta yi mini wani kallo ta ce, "Kakanka a ƙwarya ɗaya ya wanke da mutum goma, ga ka nan an haife ka." Ban ƙara magana ba. Bayan kwana uku na tarar da buta biyu da sabulu a kan murfin bokiti. Har yau ba ta ce ni na kawo shawarar ba, ni ma ban nema ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mai wurin ce ta ji ƙorafin da kunnenta, kuma ita ce mai ikon gyarawa.

To ga manyan gidajen abinci masu rassa daga Legas zuwa Abuja zuwa nan, wasu a kan titin da nake bi kullum. Ba zan zage su ba. Akwai sanyi, akwai banɗaki mai tsabta, suna kaiwa dare, kazarsu yau da gobe ɗanɗanonta ɗaya, kuma yaran Kano ne a bayan kanta suna neman halak ɗinsu. Da sallah nakan kai 'ya'yana su sha askirim su ɗauki hoto, ba na jin na yi laifi. Da aka buɗe Ado Bayero Mall a 2014, ina cikin waɗanda suka je kallo da sabuwar shadda. Da Shoprite ta rufe reshenta na wurin a Janairun 2024 ban yi murna ba, don akwai masu cin abinci ta wurin. Amma abin ya sa na yi tunani. Babban kamfani yana duba littafinsa, in reshe bai biya ba ya naɗe tabarmarsa, kuma ba a ce ya yi laifi ba, haka kasuwancinsa yake. Inna kuwa ina za ta je? Katangar da rumfar ta jingina da ita, ta ɗakin kwananta ce.

Wata rana da aka ɗauke wuta na rasa aikin yi, na zauna ina bin sawun kuɗin da nake miƙa mata. Masara da dawa daga Dawanau suke zuwa, kasuwar hatsin da ke kan hanyar Katsina, wadda har daga ƙasashen maƙwabta ake zuwa awo. Akwai dillalin da ta shekara da shekaru tana saye a hannunsa. Shinkafar 'yar Kura ce. Tumatir da attaruhu da albasa daga Yankaba, kuma lokacin rani yawancin tumatirin nan na Kadawa ne da kewaye, inda ake noma da ruwan madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Bako, mutumin da gidan zoo ɗin bayanmu ke ɗauke da sunansa. Nama daga Abbatuwa, mahauci ɗaya ke kawo mata da sassafe a bayan babur ɗinsa. Man shanu wata Bafulatana ce ke kawowa duk mako. Sai mai injin niƙa a bakin lungu, sai ɗan garuwa mai kura biyu a rana, sai mai icce, sai mai adaidaitar da ke ɗauko mata kaya, sai mata uku da ke tuƙi da wanke-wanke, biyu daga cikinsu zawarawa masu marayu. Sai almajiran da ke kwashe ƙanzo da ragowa. Da na ƙirga sai na ga malmala biyun nan tawa tana taɓa gida ya fi goma kafin magariba. Kuma mai niƙan da mahaucin da mai adaidaitar, duka ni nake ɗinka musu kayan sallah. Wato wani ɓangare na kuɗin yana zagayawa ya dawo kan kekena.

Amma wannan lissafin zaman banza ne. Abin da ya ɗaure ni da rumfar nan ya faru ne a Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi. Kowa ya tuna: tsofaffin takardu ana gudunsu, sababbi babu su, layi a bakin banki tun asuba, masu POS suna yankar abin da suka ga dama. Masu ɗinki suna turo mini kuɗi ta waya, asusu da nauyi, aljihu wayam. Inna kuwa lokacin ba ta karɓar taransifa, wayarta ma 'yar rakani-kashi ce. Sai na ce bari in je ɗaya daga manyan gidajen nan tunda su suna karɓar kati. Na yi oda, aka zuba, aka zura kati sau uku, sabis ya ƙi. Na gwada turawa, kuɗi suka fita daga wajena, su kuma ba su ga alat ba. Yarinyar da ke kan kanta ta ce, "Yallaɓai ka yi haƙuri, ba ni da ikon ba ka sai ya shigo." Gaskiyarta ne, in ta ba ni daga albashinta za a cire. Na bar faranti a kan kanta na fito.

Na bi ta lungun Inna ba don in ci ba, don hanyar shago ce. Na gaishe ta zan wuce.

"Tela, yau azumi kake?"

"A'a Inna, kuɗin ne babu a hannu."

"Zauna ka ci. Kuɗin da aka ɓoye ai ba kai ka ɓoye su ba."

Ta jawo wani littafin makaranta daga ƙarƙashin kujera, ta lashi yatsa ta buɗe. Da ajami take rubutu. Na leƙa na ga ba sunan kowa na yanka, sai yadda ta san mu: Mai Faci, Dogon Banki, Malamin Firamare, Direba Mai Tari. Ta rubuta Tela, ta ja layi ɗaya. Kwana goma sha tara na yi ina ci tana jan layi. Har wancan dogon, wanda a banki yake aiki, yana cikin littafin, abin da ya sa muka yi ta yi masa tsiya.

Daga baya na tambaye ta yadda ta iya, tunda ita ma ba kuɗin take gani ba. Ta ce dillalinta na Dawanau ya aiko da buhu biyu ya ce sai ta samu, mahauci ya ce a rubuta, mai icce ma haka. Ba wanda ya nemi takarda a wurin wani. Shekarun da ta yi tana saye a hannunsu ba fashi, su ne jinginarta. Bayan abin ya lafa jikanta ya buɗe mata asusu, yanzu lambar tana manne a jikin ginshiƙin rumfa. Littafin kuwa kowa ya biya, in ban da mutum biyu. Ɗaya ya rasu, ta soke sunansa ta ce ta yafe. Ɗayan har yau in ya hango lungun sai ya sauya hanya.

Ga inda abin yake yi mini ciwo. A makonnin nan rumfar cika take, har da masu manyan motoci da ba mu taɓa ganinsu ba. Kuɗi na dawowa hannu, masu motocin suka ɓace. An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, to a wurin Inna ba a san maci tuwo ba sai kuɗi sun dawo. Ba ta daɗe da farfaɗowa ba kuma aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun shekarar, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin dako da na niƙa suka bi. A 2013 da naira 150 nake ƙoshi har da nama. Yanzu ba a maganar. Ta ƙara kuɗi ta faɗa mana a fili, malmala ba ta rage ba, amma yankan naman ya ƙanƙance, wannan kam na gani da idona kuma na gaya mata. Ta ce in je Abbatuwa in yi wa shanu magana. Duk da haka malmala biyu da nama biyu da man shanu ba su kai rabin kuɗin shinkafa da cinyar kaza a gidajen sanyi ba.

Na fahimci halin da take ciki ne don sana'ata irin tata ce. Goman ƙarshe na azumi tela ba ya barci, kowa ɗan'uwanka ne, kowa yana da lambar wayarka. Babbar sallah na wucewa sai shago ya yi tsit, ka ji ƙarar agogo. Mutane suna zaton kuɗin sallah ke riƙe tela shekara, alhali kafin wata biyu sun tafi a bashin zare da kuɗin makaranta. Wanda ke biya mini hayar shago shi ne mai kawo gyaran zif, da mai rage tsawon wando, da mai ɗinka riga ɗaya a watan da ba kowa.

Inna ma da azumi kowa ya san gidanta. Rumfa a rufe da rana, amma ana ta aiko da odar kunu da ƙosai na sadaka. Lokacin bukukuwa ana zuwa a ce waina ɗari biyar, a yi ta ciniki kamar za a sayi gona, a ba da rabi, cikon sai an ga hali. Wata Talata a cikin Agusta, ana yayyafi tun safe, na tsallaka kan bulo na tarar mu uku ne kawai a benci: ni da mai faci da wani tsoho mai gyaran rediyo. Tumatir ya yi tsada, da kauɗa aka yi miyar ja. Kuloli a cike. Na ce, "Inna, yau kasuwa sai addu'a. Allah ya kai mu azumi ki huce."

Ta ce, "Azumi baƙo ne, Tela, kwana talatin ya tafi. Matan nan uku kullum sai na sallame su, ko an saya ko ba a saya ba. Mahauci gobe zai zo. Ku masu zuwa ranar Talata cikin ruwa, ku ne kuka hana ni kife tukunya."

Ta ƙara mini tsoka ɗaya ba tare da na tambaya ba, abin da ba ta saba yi ba ko da sallah.

Wanda zai je, ya sauka a titin Gidan Zoo ya shiga Hausawa ya tambayi kowane mai shago rumfar Inna mai tuwo. Ya je tsakanin sha biyu da rabi da ƙarfe biyu, Juma'a kuwa ya aika da kwano tun kafin masallaci. Lahadi ba ta yi. Ya sa kayan da ba ya tsoron hayaƙi, ya bar mota a bakin titi, ya riƙe 'yan canji don sabis a lungun yana da halinsa. Mata su shiga bayan labule, akwai tabarma da benci. Labulen ya tsufa ya yage ta ƙasa, na sani. Tun bayan ƙaramar sallah ta ba ni yadi in ɗinka sabo, kuma kullum na zauna sai ta tambaye ni kafin ta zuba miya. Na ce mata Alhamis.